Bayan duka da yaji: ina yara za su zauna?

Maganar yau mai nauyi ce, a kasa kunne.

Ga mace, mijinta ya buge ta har ya ji mata rauni. Ta yi yaji, ta tafi gidan iyayenta da goyo, ta bar manyan yara biyu. Miji ya aiko: in tana son ganin ɗiyanta, ta zo da ƙafarta. Ita kuwa tsoron gidan take ji. Me za a yi?

Da farko ta tafi likita, tun rauni bai warke ba. A duba ta, a ba ta takardar likita. Da wannan takarda za ta je wurin jandarma ko 'yan sanda. Duka laifi ne a dokar Nijar, ko da mijinta ne ya yi shi.

Mai gari da sarki suna da ikon sasanta mutane a kan aure da riƙon yara. Dokar sarauta ta 2015 ta ba su. Amma sulhu ne, ba hukunci ba. Kuma doka ta ce a rubuta shi, ko an shirya ko ba a shirya ba. Nan ne ake yawan sakaci. A taru a zaure, miji ya ce ya bari, a yi fatiha, kowa ya watse. Bayan wata biyu ya sake, ba wata shaida a hannun matar. Ku da kuka koyi karatu, ku ce a rubuta, ku karanta kafin a sa hannu.

Me za a sa a takardar? Wurin wa kowane yaro zai zauna. Wace rana ɗayan zai gan shi, misali ranar Laraba, da ake cin kasuwar Ƙonni. Wa zai kai yaro, wa zai maido shi. Nawa uba zai bayar na ci da tufa da magani. Sai babban abu: wurin haɗuwa. Kada a ce matar ta koma gidan da aka buge ta don ta ga ɗanta. A zaɓi gidan kaka, ko na kawu, ko ƙofar mai gari, da rana, gaban mutane.

In sulhu ya ƙi, sai kotu. Akwai babbar kotu a Birnin Ƙonni. A sha'anin aure alƙali yana bin al'adar masu ƙara, tare da mashawarta da suka san ta. Mutane kan ce yaro na uba ne in ya kai shekara 7. A fiƙihun Malikiyya kuwa uwa ce ke riƙon namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji. Alƙali yana duba inda yaro zai fi samun lafiya. In yaron ma ana dukansa, akwai alƙalin yara, bisa dokar 2014, mai ikon ɗauke shi ya damƙa wa wani dangi.

Maƙwabtanmu na jihar Sakkwato sun yi doka a 2021, wadda kotu ke hana mai duka kusantar wadda ya buga. Dokar can ce, ba ta aiki a Malbaza ko Illela tamu.

Wadda ba ta da kuɗin lauya, ta tambayi ofishin taimakon shari'a a kotun Ƙonni. Tun 2011 gwamnati ta kafa hukumarsa. Ta tafi da takardar likita, da takardar sulhu, da takardun haihuwar yara.