Kafin Kifi, Ruwa

Masu kiwon tarwaɗa da ƙarfasa a tanki sukan koka cewa 'ya'yan kifi na mutuwa tun makon farko. Galibi matsalar daga ruwa take. Ruwan famfon Wagadugu da ake janyowa daga madatsar Ziga ana sa masa kulorin domin lafiyarmu, amma kulorin yana hana kifi numfashi. Don haka ku bar ruwan ya kwana biyu a buɗe. Sabbin 'ya'ya ku keɓe su mako biyu a tanki daban, kada su shigo da cuta. Ragowar abinci yana ruɓewa ya gurɓata ruwa, don haka ku riƙa sauya wani kashi na ruwan, kuma ku rage abinci lokacin hunturu.