JUJI MA DUKIYA NE
Jawabi ga jama'armu mazauna Jos



Maganata a yau a kan abin da muke zubarwa ce, domin garin nan ya daɗe yana cin abinci daga abin da wani ya yar.

Kun san kuza ce ta kawo yawancin kakanninmu Filato. Shekaru da dama kamfanonin Turawa suna wanke ƙasa su ɗebi kuza, su watsar da wani baƙin yashi mai nauyi da ake ce wa kwalambait. Da aka shiga shekarun 1950 sai Amurka ta buƙace shi don ƙarfen injin jirgin sama. Nan da nan aka koma kan tarin ƙasar da aka zubar ana sake wankewa, har Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi.

Da kasuwar kuza ta faɗi a 1985, ramukan da aka bari cike da ruwa su suka riƙe masu noman rani. Takinsu kuwa har da tokar jujin cikin gari, wadda ake kwasa a kai lambu. Kabeji da karas da latas da ake lodi zuwa Kudu, da yawansu a kanta suka tashi.

Haka masu sana'ar hannu. Gwangwanin madara ya zama aci-balbal, tsohuwar taya ta zama takalmi, tib ya zama guga, an narka tsohon alminiyam an zuba tukunya. Wanda ya leƙa Dilimi ko 'yan gwanjon Katako ya san ba zancen da ba ne kawai.

To jama'a, ga inda matsalar take. Jujin kakanninmu toka ce da shara da kashin dabbobi. Namu na yau cike yake da leda da kwalba da mataccen batir. In an ƙona an kai lambu, gubar cikin tukunyarmu za ta dawo.

Don haka roƙona biyu ne. Kowane gida ya ware toka da ɓawon kayan miya daban, ƙarfe da roba daban, batir kuma kada ya shiga wuta. Na biyu, mu daina wulaƙanta yaran da ke jari-bola, neman halak suke yi.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.