Daga Gizo Zuwa Homer: Me Ke Ba Yaranmu Dariya?



Kwanakin baya a gidanmu da ke Unguwar Sanusi na tarar da yara sun kewaye waya suna ta ƙyaƙyata dariya. Da na leƙa sai na ga katun ne na Amurka, The Simpsons, wanda Matt Groening ya ƙirƙiro, aka fara nuna shi a 1989. Wani kawuna ya ce a kashe, tarbiyyar banza ce. Ni kuwa sai na zauna na kalli kashi biyu, abin da na gano shi ne na kawo muku yau.

Dabarun ba su da yawa. Maigida, wato Homer, shi ne wawan gidan: ga kwaɗayi, ga lalaci, kullum da sabuwar dabarar samun kuɗi ba wahala. Matarsa Marge ce mai hankali, ita ke kwashe ɓarnar. Cikin minti 22 sai dabarar ta ruguje, a yi faɗa, a shirya, komai ya koma yadda yake. An yi fiye da kashi 700, amma Bart na nan ɗan shekara 10. Kashi da yawa sukan buɗe da shi yana rubutun horo a allon aji, abin da wasu da ke zaune a nan suka sani sarai, ba sai na kama suna ba.

To, jama'a, wane ne mai kwaɗayi, mai dabarar da ke komawa kansa, mai mata mai haƙuri? Ashe ba Gizo ba ne da Ƙoƙi? Kakanninmu sun riga Amurkawa. Gizo ma ba ya tsufa, ba ya tuba. Yau ya sha kashi wajen Sarki, gobe da dare ya dawo da halinsa, har da tsamin bakin nan da yara ke jira a kwaikwaya. Dariyar tana cikin sanin abin da zai faru tun kafin ya faru. Haka muka kalli Samanja a NTA Kaduna. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, yakan buɗe baki da Hausar bariki haɗe da Turancin sojoji, tun bai gama magana ba falo ya ɗauka.

Amma kawuna yana da hujja guda. Tatsuniya tana da mai ba da ita. Kaka tana kallon fuskar yaro, ta san inda za ta rage, ta san inda za ta ja kunne, sannan ta rufe da ƙurunƙus. Waya ba ta yin haka. Kuma Simpsons tun asali ba don ƙananan yara aka yi shi ba. Akwai giya a ciki, akwai uba mai shaƙe wuyan ɗansa don a yi dariya.

A cikin wannan ƙungiya akwai masu zane, akwai masu ilimin kwamfuta, akwai marubuta. Adamu Waziri ya yi wa yara katun mai suna Bino and Fino daga Abuja, saboda haka abin ba gagara ba ne. Ina roƙon kwamitin ilimi ya tara su kafin taronmu na baɗi, a gwada zana Gizo da Ƙoƙi da Hausa, ko da na minti biyar ne.