Ƙuma a Ɗaka da Tsakar Gida



Mun san akwai waɗanda za su yi mamakin a ce an tara masu ilmi a zaure kamar wannan don a yi maganar ƙuma. To, sai mu tuna musu abin da ya same mu da muka dawo daga dogon hutu. Ɗakunan kwananmu sun yi wata uku a kulle, babu mutum babu dabba, sai wata kyanwa da ta haihu a bayan akwatuna kafin a rufe. Mun buɗe ƙofa, mun ajiye kaya, ba mu yi minti goma ba sai ga ƙwaurinmu ya yi baƙi da wasu 'yan ƙwari masu tsalle. Ma'aikacin da aka taɓa ba shi gidan gwamnati wanda ya daɗe babu kowa ciki, shi ma ya san wannan tarba. Tambayar da ta dame mu a daren nan ita ce, me suka ci har wata uku?

Amsar tana cikin yadda ƙuma ke rayuwa, kuma wanda bai fahimci wannan ba zai yi ta ɓarnar kuɗi a kan magani a banza. Macen ƙuma tana shan jini a jikin kare ko kyanwa ko akuya, ta yi ƙwai a cikin gashin dabbar, wani lokaci har 40 ko 50 a yini guda. Ƙwan ba ya manne wa gashi, sai ya zube duk inda dabbar ta kwanta. Cikin 'yan kwanaki ya ƙyanƙyashe wata 'yar tsutsa fara marar ƙafa, wadda ke gudun haske, ta shige tsagar daɓe ko ƙarƙashin tabarma, tana cin busasshen jinin da manya ke kasayarwa. Bayan mako ɗaya ko biyu sai ta saƙa wa kanta 'yar jaka mai danƙo, ƙura ta lulluɓe ta. A cikin jakar nan ƙuma ke gama girma, kuma yana iya zama watanni yana jira, har sai ya ji motsin tafiya ko ɗumin jiki ko numfashin mai rai. Watau ba su ci kome ba, jiranmu kawai suke yi. Masana sun ƙiyasta cewa waɗanda muke gani suna tsalle ba su wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke gidan ba. Sauran duk suna ƙasa.

Kada kuwa a ɗauka ƙaiƙayi ne kaɗai abin tsoro. Annobar da ta auka wa Turai tsakanin 1347 da 1351, ta hallaka kimanin sulusin mutanenta, cuta ce ta ɓeraye wadda ƙuma ke kai wa mutum. A 1894 ne Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hon Kon, sa'an nan a 1898 Paul-Louis Simond ya nuna a Karachi cewa ƙuma ne ke ɗaukar ta daga ɓera zuwa ɓera. Irin ƙuman da ya fi shahara da wannan aiki ma, a garin Shendi na Sudan aka kamo shi, aka ba shi suna a 1903. Annobar ta shiga Ankara ta Gana a 1908, ta kuma addabi Ikko daga 1924 har zuwa 1931. A 2017 ta kama mutane fiye da 2,000 a Madagaska, ta kashe fiye da 200. Ban da wannan, ƙuman ɓera yana kawo wani zazzaɓi mai ciwon kai da ƙuraje, yaro mai rarrafe kuma in ya haɗiye ƙuman kare yana iya samun tsutsar ciki. Makiyaya sun san yadda yake tsotse 'yan awaki har su yi fari fat su mutu.

Daga wannan tarihi akwai darasi guda da ya kamata duk wanda zai zama duba-gari ko jami'in mulki ya riƙe. Idan ɓeraye da ƙuma suka haɗu a gida, ƙuma ake fara kashewa. Dalili kuwa, da zarar gawar ɓera ta yi sanyi sai ƙuman da ke jikinsa su watse neman wani jini, kuma mu ne mafi kusa. Mai zuba shinkafar ɓera tun bai yi maganin ƙuma ba, ya kora wa iyalinsa baƙi ne da hannunsa.

To, yaya za a yi? A fara da dabba, domin ita ce rijiyar da suke sha. A kai kare da kyanwa wurin likitan dabbobi ya ba da maganin da ake ɗigawa a ƙeya, irin su fifronil, a kuma yi wa dukan dabbobin gidan rana ɗaya, ba a yi wa ɗaya a bar ɗaya ba. A nan muna roƙon a yi hattara: maganin kare mai sinadarin fametirin yana kashe kyanwa, ko da kaɗan ne.

Sa'an nan sai ɗaka, inda babban aikin yake, kuma shi ne aikin da muka fi ƙyuya a kansa. A fitar da tabarmi da katifu da buhuna a shanya su a rana mai zafi, a wanke zannuwan gado da tsumman da dabba ke kwanciya da tafasasshen ruwa. A share ƙarƙashin gado da lunguna kullum, a ƙone sharar nan take. In aka zuba ta a juji bayan ɗaki, sauya musu masauki kawai aka yi. A liƙe tsagar daɓe da siminti. Wanda ke da na'urar zuƙe ƙura ya yi sa'a, gama girgizarta tana sa su fito daga jakarsu. A tsakar gida kuwa ba kowane wuri suke zama ba. Tsutsar ba ta jure rana da bushewa, shi ya sa abin ya fi tsanani da damina. A nemi wuraren inuwa masu laima, watau gindin turke da akurki da ƙarƙashin rumbu da inda kare ke ƙailula, a kwashe taki da tsohuwar ciyawa, a sassabe abin da ke hana rana shiga.

Game da feshi, ra'ayinmu shi ne an fi ba shi girman da bai kai ba. Magani ba ya ratsa jakar nan da muka ambata, saboda haka bayan mako biyu sai a ga sababbi, maigida ya ce an sayar masa da jabu. Ba jabu ba ne, sai dai a ci gaba da shara, a maimaita feshin, a yi haƙuri har wata biyu ko uku. An fi son maganin da ke haɗe da sinadarin hana tsutsa girma. Amma fiya-fiya da ake sayarwa a kwalabe marasa rubutu, da Gamalin wanda kakanninmu suka saba da shi, kuma yarjejeniyar duniya ta hana sinadarinsa tun 2009, waɗannan ba su da wurin zama a ɗakin da yara ke barci. Haka nan shafa wa dabba kananzir ko baƙin mai zalunci ne, yana kuma ƙona fata.

Mai son ya san ko aikinsa ya ci, ya zuba ruwan sabulu a faranti da dare, ya ajiye a ƙasa ƙarƙashin fitila, nesa da labule da hannun yara. Da safe ya ƙirga abin da ya faɗa ciki. Mu dai a ɗakinmu mun yi haka kowane dare, kuma sai a mako na bakwai muka wayi gari muka tarar da ruwan babu kome.