AMSAR WASIƘUNKU: Riƙo da shaye-shaye za su hana ni ceto?



Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan'uwa manomi a ƙasar Malumfashi, wanda ya roƙa mu sakaya sunansa. Ya ce shekara 6 ke nan da yayansa ya cinye gonar gadonsu, tun daga nan ko gaisuwa ba ta haɗa su. Baƙin ciki ya kai shi gidan burukutu, daga baya ya ƙara da ƙwayar tramadol wai don ƙarfin noma. Dattawan ikkilisiya sun sa shi ƙarƙashin horo, ya daina cin Jibin Ubangiji. Tambayarsa ita ce, ko ƙofar ceto ta rufe masa ke nan?

To ɗan'uwana, sannu da ƙoƙari. Amsa a taƙaice, ƙofa ba ta rufe ba. Amma akwai abin da ya tokare bakinta, kuma ba giyar ce kaɗai ba.

Kai manomi ne, ka san wuta-wuta a gonar dawa. Kafin furenta ya fito a gani, ta riga ta kama saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa tana tsotse ta. Haka riƙo yake. Burukutu da ƙwaya su ne furen da kowa yake gani. Ɗacin ran da kake kwana da shi kake tashi da shi, shi ne yake shanye bangaskiyarka a ɓoye. Shi ya sa sau uku kana rantsuwa ka bari, kamar yadda ka rubuto, amma da ka hango yayanka ran kasuwa, sai ƙafa ta koma inda ta saba.

Duba Ayyukan Manzanni sura 8. Siman na Samariya ya ba da gaskiya, har an yi masa baftisma. Duk da haka manzo Bitrus ya ga abu biyu tattare da shi: ɗacin zuciya da ɗaurin zunubi. Ka lura, bai ce masa ta ƙare ba, ya ce masa ya tuba ya roƙi Ubangiji. Ceto kyauta ne ta wurin Yesu Almasihu, ba a sayensa da kuɗi ko da halin kirki. Sai dai mutumin da ya dunƙule hannu ɗaya a kan gaba, ɗaya a kan ƙoƙon giya, da me zai karɓi kyauta? Ko a Addu'ar Ubangiji da muke yi kowace Lahadi, gafarar da muke roƙo a ɗaure take da wadda muke yi wa waɗansu.

Yanzu me za ka yi?

Na ɗaya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Je ka wurin fastonka ko wani dattijo mai riƙon amana, ka faɗa masa kome, har da maganar ƙwayar.

Na biyu, gafartawa ba ta nufin ka yafe gonar. Kai ƙara wurin mai unguwa ko dagaci, in ta kama har kotu. Nemi hakkinka da baki, amma fid da ƙiyayyar daga zuciya. Fara da yi wa yayanka addu'a kana ambaton sunansa, ko da harshe ya yi nauyi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Na uku, jiki ma yana da nasa ciwon. Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, in ya tsaya farat ɗaya, yakan yi makyarkyata, wani har da farfaɗiya. Tramadol ita ma tana jawo farfaɗiya in an zarce. Don haka ka ga likita, a rage maka bisa ƙa'ida. Zuwa asibiti ba ƙarancin bangaskiya ba ne.

Na huɗu, ran kasuwa ka sake hanya, ka sake abokan zama. Ka koma sujada ko da a bencin baya ne, gama horo don gyara ake yinsa.

Ɗan'uwana, bayan girbi ka sake rubuto mana mu ji inda aka kwana. Mu da masu sauraro muna tuna ka cikin addu'a.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.