ABIN DA KE KAYAR DA JAM'IYYA MAI MULKI

Jawabi ga shugabannin mazaɓu da wakilanmu na rumfunan zaɓe

Na san waɗansunku gona suka baro, waɗansu kuwa rumfa suka rufe a kasuwa don su zo nan, saboda haka ba zan cinye muku lokaci da waƙar yabon kai ba. Akwai masu yin ta, kuma sun fi ni murya. An ce in yi magana a kan yadda za mu shiga wannan babban zaɓe, ni kuwa na ga gara in fara da abin da ke kayar da jam'iyya mai mulki, domin mu ke riƙe da gwamnati a jihar nan, kuma na kan doki shi ke faɗowa.

Ku biyo ni mu je Amurka. Kada wani ya ce me ya haɗa mu da su. Tsarin shugaban ƙasa mai cikakken iko da majalisu biyu, wanda muka fara a 1979, daga can aka kwaikwayo shi. Amma akwai abu guda da ba mu ɗauko ba. Mu mukan zaɓi shugaban ƙasa da 'yan majalisa a lokaci guda, kowa shekara 4. Su kuwa shugaba shekara 4 yake yi, amma 'yan Majalisar Wakilai, su 435, shekara 2 kurum suke yi su koma gaban jama'a. Dattawa 100 ne, shekara 6 suke yi, kuma duk bayan shekara 2 akan sake zaɓen wajen kashi ɗaya cikin uku nasu. Watau shugaba yana tsakiyar wa'adinsa, bai gama aikin da ya fara ba, sai a kafa akwati a tambayi talakawa yaya suka gani. Shi ne zaɓen tsakiyar wa'adi.

To, ku ji yadda takan kaya. A 1982 jam'iyyar Shugaba Reagan ta rasa kujera 26 a Majalisar Wakilai. A 1994 ta Clinton ta rasa 54, har majalisar ta kuɓuce wa 'yan Dimokurat bayan shekara 40 suna riƙe da ita. A 2006 ta Bush ƙarami ta rasa wajen 30, yaƙin Iraƙi ya gundure mutane. A 2010 ta Obama ta rasa 63. A 2018 ta Trump ta rasa wajen 40. Tun da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, sau biyu tak jam'iyyar shugaba ta ƙara kujeru a wannan majalisa a irin wannan zaɓe, 1998 da 2002. Kun ga abin bai bar Dimokurat ba, bai bar Rifablikan ba. Ashe ba sharrin maƙiya ba ne, ba kuma sammu ba.

Mutane da yawa sukan ɗauka masu zaɓe ne suka juya baya suka koma wa abokan hamayya. Akwai waɗannan, amma ba su ne babbar ɓarakar ba. A 2008, da aka zaɓi Obama, mutum fiye da miliyan 130 suka jefa ƙuri'a. A 2010 wajen miliyan 90 ne suka fito. Ina sauran miliyan 40? Suna gida. Da yawansu matasa ne da suka yi ta tsalle da tuta shekara biyu kafin nan. Ba su shiga wata jam'iyya ba, ba su zagi kowa ba, sun dai ga namu ya riga ya hau, me ya rage? Wanda ya faɗi kuwa bai yi barci ba. Haushi yakan ta da mutum da asuba ya kai shi layi, amma wanda ya gamsu, ko wanda ya ɗan yi sanyi, sai ya ce bari rana ta yi sauƙi, har a rufe rumfa. Ku riƙe wannan, domin a kansa aikinku yake.

Sai maganar abin da ake gaya wa jama'a. A 1946, yaƙi ya ƙare, Shugaba Truman yana kan gado. Gwamnati ta ƙayyade farashin nama, masu shanu suka ƙi kai dabbobinsu kasuwa, mahauta suka wayi gari ba abin sayarwa. Mata suna bin layi suna komawa gida hannu rabbana. 'Yan Rifablikan ba su tsaya dogon Turanci ba. Tambaya guda suka rubuta a alluna, kalma biyu a harshensu, ma'anarta: ko ya ishe ku haka? Truman ya janye ƙayyade farashin ana saura mako 3 zaɓe, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Jam'iyyarsa ta rasa kujera fiye da 50, ta rasa majalisun biyu duka. Ga jam'iyyar da ta ja ragamar ƙasa har aka ci yaƙi, amma tukunyar miya ta kayar da ita.

Ɗan hamayya aikinsa da sauƙi. Yatsa kawai zai nuna. Mai mulki shi ne da dogon bayani, kuma duk wanda ya shiga bayani a dandalin siyasa rabin taron ya watse kafin ya kai aya.

Ga wani misalin da na fi so ku yi tunani a kansa. A 2009 gwamnatin Obama ta rage wa yawancin ma'aikata haraji, har dala 400 a shekara ga mutum ɗaya, 800 ga miji da mata. Amma ba a dunƙule aka ba su ba. An riƙa rage abin da ake yanka daga albashi ne kaɗan-kaɗan, don masana sun ce haka mutane za su fi kashe kuɗin a kasuwa. Wataƙila masanan sun yi gaskiya. Sai dai da zaɓen 2010 ya zo, yawancin mutane ba su ma san an rage musu kome ba. Haka kuma dokar inshorar lafiya da ya sa wa hannu a watan Maris na 2010: manyan amfaninta sai 2014 suka fara aiki, alhali kuwa tsoron da abokan hamayya suka cusa wa mutane a kanta tun ran farko ya fara aiki. Ga rashin aikin yi ya haura kashi 9 cikin ɗari. Aiki an yi, amma mai ƙuri'a bai taɓa shi da hannunsa ba.

Ni ma na sha irin wannan, kuma ba na jin kunyar faɗa. Sa'ad da na ajiye alli na kama aikin jam'iyya, taron farko da aka tura ni wata mazaɓa na tafi da takarda shafi uku. Na yi ta karanto ayyuka, kilomita kaza na hanya, aji kaza na makaranta, kamar ina kiran sunayen yara da safe. Da na gama, wata tsohuwa ta ce, "Ɗana, ka gama?" Na ce, "Na gama, Inna." Ta ce, "To famfonmu wata huɗu ke nan bai kawo ruwa ba, yana shafi na nawa?" Aka yi dariya, ni ban yi ba. Duk abin da na karanta gaskiya ne, amma ba ko ɗaya da ya shafi tulunta.

Kada kuma ku ce ɗan hamayya kullum da ihu yake ci. A watan Satumba na 1994 'yan takarar Rifablikan fiye da 300 suka taru a matakalar ginin majalisa, Newt Gingrich na gaba, suka sa hannu a takardar alkawari: dokoki 10 da za su kawo gaban majalisa cikin kwana 100 na farko. Ɗan takarar kudu da na arewa bakinsu ɗaya. 'Yan jam'iyyar Clinton kuwa kowa ta kansa yake yi, har waɗansu ba sa so a gan su tare da shugabansu. In ɗan takararka yana gudun tutarka, me kake so mai zaɓe ya yi?

Ana iya rage ɓarnar? Ana iyawa. A 2022 tsadar kaya ta addabi Amurka, kowa ya zaci jam'iyyar Biden za ta sha mummunan kaye. Sai Kotun Ƙoli ta yanke wani hukunci a watan Yuni a kan zubar da ciki, wanda ya harzuƙa magoya bayanta. Ba ruwanmu da wannan gardama tasu, abin lura shi ne mutanen mai mulki sun sami dalilin fita. Kujera 9 kawai ta rasa a Majalisar Wakilai, ta ma ƙara ɗaya a ta Dattawa.

Mu dawo gida. Ba mu da zaɓen tsakiyar wa'adi, saboda haka haushin da Ba'amurke ke saukewa bayan shekara 2, namu talakan tara shi yake yi har shekara 4 ya sauke gaba ɗaya. Ko kana cikin masu murna a 2015 ko kana cikin masu baƙin ciki, ka ga yadda kalma ɗaya, canji, ta tuɓe jam'iyyar da ta yi shekara 16 tana mulkin ƙasa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 kuwa, cikin kowane mutum 100 masu rajista, waɗanda suka fito ba su kai 30 ba. A irin wannan hali, wanda ya fito da nasa shi ya ci.

Saboda haka ga abin da nake roƙonku. Ku bar ɓata bakinku a majalisar 'yan hamayya tukuna, ku fara da namu da suka yi shiru: wanda ya yi mana wakilci a rumfa wancan karon bai sake ganin kowa ba, da matar da ta tara mana mata a gidan biki aka manta da ita. In sun yi ƙorafi, kada ku ce musu ƙarya ne. Ku saurara, ku rubuta. In an yi aiki a unguwa, ku ambaci wanda ido ke gani, ɗaya ko biyu, ku bar sauran a takarda. Wanda ba a yi ba, ku ce ba a yi ba, kada ku yi rantsuwa a kan ranar da ba ku da iko da ita.

Kowane shugaban mazaɓa ya zo mini ran Asabar bayan La'asar da abu biyu: sunayen namu da ba su karɓi katin zaɓensu ba, gida-gida, da jerin famfo, da taransifoma, da ɗakin shan magani da suka tsaya a mazaɓarsa. Na biyun ni zan kai wa 'yan takara da hannuna, in karanta musu a gabanku.