Kafin mu ɗauko buhun shinkafa, mu fara tambaya

Na gode da kuka baro fada da shayi kuka zo.

Zan fara da wani abin kunya da muka yi, ni da abokaina. Azumin shekarar da na gama jami'a muka haɗa kuɗi, wannan jika ɗaya, wancan jika biyu, muka sayi shinkafa da sukari, muka gayyaci masu buƙata ta musamman su zo rabo. Zauren da muka ara matakala biyar gare shi. Wani dattijo ya iso a kan kekensa na guragu, tun daga wajen Kasuwar Dole yake murzo shi da hannu cikin rana. Samari biyu suka ruga za su ɗaga shi cak. Sai ya ce: "Ƴaƴana, ku dakata. Da kuna shirya wannan taro, wa kuka tambaya a cikinmu?" Muka yi tsit, don ba mu tambayi kowa ba. Ya juya kekensa ya tafi, ya bar mu da shinkafarmu da wayoyin da muka ɗaga za mu ɗauki hoto.

Tun ranar na gane cewa mun iya ba da sadaka, zama da mutane ne ba mu iya ba. Garin nan ma ya san haka. Ku dubi Kara-Kara, unguwar da aka keɓe wa kutare nesa da idon jama'a. Kuturta tana da magani, wata 6 zuwa 12 ake shan shi, kuma kyauta ake ba da shi a duniya tun 1995. Cutar tana warkewa, amma ƙyamar ta bi ƴaƴa da jikokin da ba su taɓa yin ta ba, da yawansu suka tashi ba lakwal ba aiki. Wanda ya ga fim ɗin "Zinder" da ƴar garin nan Aïcha Macky ta fitar a 2021 ya ga inda wariyar ta kai samarin unguwar.

Kuma kada mu ɗauka ƴan kaɗan ne. Ƙidayar 2012 ta nuna kashi 4.2 cikin 100 na ƴan Nijar suna da naƙasa, wato sama da mutum 700,000. Doka ma akwai ta. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008. Tun 1993 aka yi dokar da ta ce ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, a 2019 kuma aka yi wata sabuwa. To ku faɗa mini tsakani da Allah, a inda kuke aiki ko karatu, nawa kuka gani?

Abin da ya kamata mu tuna shi ne ba mu ne za mu fara tsara su ba. Tun zamanin kakanni ƙasar Hausa ta san Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, masu magana da yawun jama'arsu a gaban sarki. Yau kuma suna da ƙungiyoyinsu, da tarayyarsu ta ƙasa, FNPH. Mu da muka zo daga baya, ladabi shi ne mu je mu gaishe su, mu ji me suke so.

Ga abin da nake roƙonku, kuma babu wanda ke bukatar kuɗi mai yawa.

Na farko, lokaci. Awa biyu a mako, ka ɗore a kai shekara guda, ya fi rabon rana ɗaya. Ɗalibi makaho yana buƙatar wanda zai karanta masa darasi. Ki naɗa da muryarki, ki tura masa ta WhatsApp.

Na biyu, takarda. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, jarrabawa takan gagare shi. Ka raka uwarsa ma'aikatar magajin gari ko kotu, ka tsaya har a gama.

Na uku, maganar hannu. Garin nan yana da makarantar kurame. Mu nemi kuramen da kansu su koya mana, mu zama ɗalibansu. Ka yi tunanin mace kurma a asibiti tana naƙuda, ba mai gane abin da take faɗi.

Na huɗu, ƙofa. Masallacin unguwarku, ajin ƙanenki, shagonka: keke zai iya shiga? Siminti kaɗan da magini ɗaya sun isa a yi gangara a maimakon matakala.

Na ƙarshe, bakinmu da wayoyinmu. Mutum yana da suna, a kira shi da shi, a daina "kai gurgu", "ke makauniya". Kada ka ɗauki hoton kowa sai da izininsa, kada ka tura keken kowa sai ka tambaya.

Ranar 31 ga Yuli da ranar 3 ga Disamba za a yi bukukuwa da jawabai, ta ƙasa da ta duniya. Ni sauran kwanakin shekara ne suka dame ni. Dattijon nan, bayan mako guda mun je gidansa mun ba shi haƙuri. Bai yi mana faɗa ba, ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, ya lissafa mana yara huɗu na unguwarsu da ba su zuwa lakwal. Biyu suna zuwa yanzu. Biyun da suka rage, har yau muna neman wanda zai riƙa raka su da safe.

Takardar rajista tana bakin ƙofa. Wanda ya san zai iya, ya rubuta unguwarsa da ranar da yake da sarari. Allah ya ba mu ikon cika alkawari.